Yadda ake gane aldihayid da kiton a lab idan an ba ka kwalba babu suna

Wannan bayanin na sababbin malaman kemistiri ne da masu kula da lab, da kuma ɗaliban aji ɗaya a jami'a ko kwalejin ilimi waɗanda ake miƙa wa kwalba a ce su faɗi abin da ke ciki. A manhajar WAEC da NECO alkanal da alkanon ake ce musu, a jami'a kuma aldihayid da kiton, duk abu ɗaya ne. Yawancinsu ruwa ne garau babu launi, ido ba zai raba maka su ba, hanci ma ba abin dogaro ba ne. Su gwaje-gwajen ba su da wuya sam, abin da ke kayar da mutane biyu ne, yin su a birkice da kuma tes-tub mai datti. Tsarin shi ne ka fara tabbatar da akwai kabonil, wato C=O, sannan ka tambaya aldihayid ne ko kiton, sai daga ƙarshe ka nemi ko wane ne a cikin danginsu. In ka tsallake na farko ka faɗa na uku, to ko itanol zai iya yi maka wayo.

Kayan aiki

Tes-tub aƙalla goma sha biyu da abin jera su, da burushin wanki. Bika babba mai cin mil 250 ko 400 wadda za ka zuba ruwan zafi. Dirofa, kowace kwalba da tata, kar a yi musu aro. In babu dirofa ka je kemis ka sayo sirinji mai mil 2 ko mil 5 ka cire allurar, ya ma fi dirofa auna abu daidai, kuma ka riƙe cewa ɗigo ashirin kusan mil ɗaya ne. Maka ko salatif na rubuta suna a jikin tub. Gilashin kare ido da safar hannu, wannan ba ado ba ne, akwai kostik soda a kusan kowane mataki.

Ruwan distil dole ne. Ruwan famfo da na burtsatse da fiya wata duk suna da kuloraid, da zarar ya haɗu da silba naitiret sai ya yi fari kamar madara, aikin ya lalace tun ba a fara ba. Idan ba ka da shi, ruwan distil da masu batir ke sayarwa yana yi, amma ka tabbatar ba mai asid aka ba ka ba. Ƙananan kwalaben ruwan haɗa allura na kemis su ma suna yi in kaɗan kake buƙata, banda ruwan dirif na gishiri, shi kam kuloraid ne zalla. Ko wanne ka samo ka ɗiga masa ɗigo ɗaya na silba naitiret, in ya zauna garau to ka ci gaba.

Sinadaran gwaji: ruwan Brady, wato 2,4-DNP. Silba naitiret, giram 1.7 a ruwa mil 100. Kostik soda, NaOH kenan, giram 8 a ruwa mil 100. Amoniya mai sauƙi, kashi ɗaya na mai ƙarfin a ruwa kashi shida. Fehling A da Fehling B. Ruwan aidin. Naitirik asid mai sauƙi domin wanki. In akwai fotasiyam daikuromet da salfurik asid mai sauƙi ka ajiye su kusa, amma ba dole ba ne.

Sai samfuran da ka riga ka san sunansu, don da su za ka riƙa auna wanda ba ka sani ba. Asiton, wanda littafi ke kira furofanon, shi ne kiton ɗinka. Fomalin, wato metanal a cikin ruwa kusan kashi 37 zuwa 40 cikin ɗari, wanda 'yan bayoloji ke jiƙa kwaɗo da ƙadangare a ciki, shi ne aldihayid mafi sauƙin samu, ka sirka kashi ɗaya da ruwa kashi tara kafin ka ba yara. Itanal in an samu. Benzaldihayid in an samu. Sai itanol, shi ba aldihayid ba ne ba kiton ba, amma ka saka shi a layi da gangan.

Maganar itanal, a digiri 20 yake tafasa. Ka duba zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, kwalbar da aka bari a kanta sai dai ka tarar da ita wayam, ko kuma ta fesa maka a fuska lokacin buɗewa. A firij ake ajiye shi, kuma wanda aka sirka da ruwa ya fi zama lafiya a hannun ɗalibi.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa kwalba

Su biyun duk suna ɗauke da kabonil, C=O, kabon ɗaya da oksijin ɗaya da igiya biyu a tsakaninsu. Oksijin yana janye ilektiron zuwa wajensa ya bar kabon ɗin da ƙishirwa, shi ya sa duk wani abu mai rarar ilektiron yake kai masa hari, kuma a nan ruwan Brady ke kama su duka biyun. Bambancin a wurin zama yake. A aldihayid kabonil ɗin yana bakin sarƙa kuma akwai haidirojin manne da shi, ana rubuta shi CHO. A kiton yana tsakiya, kabon ta dama kabon ta hagu, babu haidirojin. Wannan haidirojin ɗin guda ɗaya shi ne duk labarin, saboda shi aldihayid ke saurin karɓar oksijin ya koma asid, har mai raunin bayarwa irin azurfa ko jan ƙarfe ya ishe shi, kiton kuwa ko gezau. Furofanal da furofanon duka C3H6O ne, nauyinsu ɗaya 58, amma ɗaya zai yi maka madubin azurfa a gwajin Tollens, mataki na 4, ɗaya ba zai yi ba.

1. Wanke tub da shirya ruwan zafi

A nan ake cin nasara ko a faɗi. Ka wanke kowane tub da omo da burushi, ka ɗauraye da ruwan famfo sosai, sannan da ruwan distil sau biyu. Waɗanda za ka yi gwajin Tollens a ciki ka ware su, ka zuba musu kostik soda mai ɗumi ka bar su kamar minti goma don ya cinye maiƙo, sai ka ɗauraye da distil. In kana da sababbi fil to su ka ba Tollens.

Abin da ba za ka yi ba ko da wasa shi ne ɗauraye tub da asiton wai don ya yi saurin bushewa. Ɗabi'a ce da ta zama jiki a lab da yawa, kuma a wasu ayyukan ba laifi, amma a nan asiton ɗin shi ne abin da kake nema. Ɗan ragowar da ya maƙale a gindin tub ya isa ya sa Brady ya ba ka guggubi a cikin ruwan banza, ya sa aidofom, garin nan rawaya na mataki na 7, ya fito inda babu shi. Sifirit ma haka. Tub mai ɗan jiƙa da ruwan distil ba ya hana komai.

Zafi kuwa, ba a kai waɗannan abubuwan kan wuta kai tsaye. Asiton a digiri 56 yake tafasa kuma tururinsa yana kama wuta daga nesa. Ka tafasa ruwa can gefe, ko ma a waje kan risho ka zubo a filas, ka kashe wutar sannan ka buɗe kwalabe. Digiri 60 ake so, in babu ma'aunin zafi ka haɗa tafasasshen ruwa da na randa rabi da rabi, zai faɗo kusa da wurin. Ka buɗe tagogi duka saboda fomalin, yana sa hawaye da tari, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta saka shi cikin abubuwan da ke jawo cutar.

2. Duba da ido da litmos

Ka rubuta launi, ka ɗiga kaɗan a ruwa ka ga ko yana narkewa. Metanal da itanal da asiton suna bin ruwa nan take, benzaldihayid kuwa sai ya tsaya ɗigo-ɗigo kamar mai. Ka taɓa shuɗin litmos, in ya koma ja sosai to ka fara zargin asid ne aka ba ka. Shinshina kuma da tafin hannu ake kaɗo iskar zuwa hanci, ba a dungura hanci a bakin kwalba. Idan ka ga fararen ƙwayoyi a wuyan kwalbar benzaldihayid, iska ce ta mai da wani sashe benzoyik asid, tsohuwa ce, kuma tana iya ɗan juya litmos. Farin abu da ya kwanta a gindin fomalin shi ma alamar daɗewa ne, ka tsiyayi na sama ka yi aiki da shi.

3. Gwajin Brady, akwai kabonil ko babu

Ka zuba mil 2 na ruwan Brady a tub, ka ɗiga ɗigo biyu ko uku na samfur, ka kaɗa. In aldihayid ne ko kiton, guggubi mai kauri zai fito, wani sa'in kafin ka ajiye dirofa, rawaya ko ruwan goro, kamar an dama garin ɗorawa a ruwa kaɗan. Asiton da metanal sun fi karkata zuwa rawaya, benzaldihayid ya fi ja. In bai fito ba ka ba shi minti goma zuwa sha biyar, ka ɗan kankare cikin tub da sandar gilashi. Shi ruwan Brady da ma can ruwan goro ne, saboda haka launi kaɗai ba shaida ba ne, abin da kake nema shi ne ya yi duhu-duhu da gari a ciki har ba ka iya hango yatsanka ta bayan tub. Itanol ba ya ba da komai, asid irin na binega ma haka, esta ma haka duk da suna da C=O a jikinsu.

Kar ka cika samfurin. Yara suna ganin in sun ƙara zai fi fitowa, alhali asiton mai yawa narkar da guggubin yake yi, sai su rubuta babu.

In kai za ka haɗa ruwan da kanka: giram 3 na 2,4-DNP a narkar a mil 15 na salfurik asid mai ƙarfi, sai a zuba wannan a hankali cikin haɗin ruwa mil 20 da itanol mil 70 ana motsawa, asid ake kai wa ruwa ba ruwa ake kai wa asid ba. Itanol mai tsafta fa, don wani sifirit ɗin kasuwa ana sirka shi da kiton, in ka yi da shi ruwan zai yi guggubi tun a kwalba. Garin 2,4-DNP a jiƙe ake sayar da shi kuma a jiƙe ake ajiye shi, in ya bushe gogayya ko bugu na iya tayar da shi. A ƙarshen 2016 a Ingila sai da aka riƙa kiran masu kwance bam zuwa makarantu suna fasa tsofaffin kwalabensa da suka bushe. Don haka in ka gaji wata tsohuwar kwalba a sito, murfi ya ƙame, gari ya bushe a bakinta, kar ka murɗa, ka bar ta inda take ka sanar da na gaba da kai.

Idan babu Brady kwata-kwata, akwai sodiyam metabaisalfait. Ka narkar da shi a ruwa kaɗan har ya ƙi narkewa, ka haɗa mil 2 da samfur mil 1 ka girgiza ka tsoma a ruwan ƙanƙara. Asiton da benzaldihayid suna ba da fararen ƙwayoyi. Metanal da itanal sukan ƙi nunawa don abin da suke haifarwa yana narkewa a ruwa, to rashin ganin komai a nan ba hujja ba ce.

4. Gwajin Tollens, madubin azurfa

Wannan shi ne wanda ɗalibai ba sa mantawa, kuma shi ya fi son a lallaɓa shi. Sunan wani Bajamushe ne, Bernhard Tollens. Ba a sayen sa a haɗe, ba a kuma ajiye shi, a take ake haɗawa a take a yi amfani da shi.

Mil 2 na silba naitiret a tub ɗin da ka ware. Ɗigo ɗaya na kostik soda, za ka ga abu ruwan ƙasa ya fito, silba oksaid kenan. Yanzu amoniya, ɗigo ɗaya, ka kaɗa, ka duba, ɗigo ɗaya, ka kaɗa, ka duba, har ruwan ƙasan ya kusa ɓacewa. Ni nakan tsaya tun da sauran ɗan ƙwaya biyu uku a gindi, don wanda ya wuce gona da iri da amoniya zai zauna yana jiran madubin da ba zai zo ba. Mafi yawan waɗanda ke cewa Tollens ɗinsu ba ya aiki, amoniya suka tuttula.

Sai ɗigo biyu ko uku na samfur, ka kaɗa sau ɗaya tak, ka tsoma a ruwan zafi ka cire hannunka. Kar ka riƙa ɗagowa kana girgizawa kana leƙe. Cikin minti biyu zuwa biyar ruwan zai fara yin duhu, sannan ta jikin gilashin ka ga wani ƙyalli yana hawa daga ƙasa har ya rufe, in ka ɗago za ka ga fuskarka a lanƙwashe a ciki. Azurfa ce ta gaske ta sauka, shi kuma aldihayid ya koma gishirin asid ɗinsa. Tun 1835 Justus von Liebig ya nuna ana iya shafa wa gilashi azurfa ta irin wannan hanyar, kuma ƙyallin da kake gani a cikin filas ɗin shayi mai gilashi dangin aikin ne.

In maimakon madubi ka samu baƙin gari ko ruwan toka, sakamakon dai eh ne, azurfar ta fito amma ba ta samu gilashi mai tsafta ta kama ba, ko kuma abin ya yi sauri da yawa. Fomalin da ba a sirka ba yakan yi haka, tun kafin ya shiga ruwan zafi ya baƙanta. Benzaldihayid yana ɗan jan lokaci don ba ya son ruwa, ka ƙara masa haƙuri. Asiton kuwa ruwan zai zauna garau. Amma kar ka bar shi ya wuce minti goma yana dahuwa, in an matsa masa da zafi shi kansa ruwan Tollens yana fara baƙi ko babu komai a ciki, shi ya sa kullum nake tsoma tub ɗaya da ba a sa masa samfur ba a gefe, in shi ma ya yi baƙi to a sake daga farko.

Gargaɗi biyu. Silba naitiret in ya taɓa fata ba za ka ga komai ba a lokacin, sai ka fita rana wurin ya yi baƙi, kuma sabulu ba ya fitar da shi sai fatar ta sake, a riga kam ya zauna kenan. Na biyu ya fi girma: ruwan Tollens da aka bari ya kwana yana haifar da silba naitiraid, wani baƙin abu mai fashewa ko da taɓa shi aka yi. Kana gama dubawa ka zuba masa naitirik asid mai sauƙi, madubin zai narke, haɗarin ya tafi. Kar a ce bari a ajiye wa 'yan ajin gobe, kar kuma a bar yaro ya tafi gida da tub ɗin da ruwan a ciki don yana son madubin.

Babu fomalin babu itanal? Garin gulukos na kanti, rabin ƙaramin cokali a ruwan distil mil 20, yana ba da madubi mai kyau ƙwarai, ni a ganina ya fi na kowa fitowa sumul don a hankali yake yi. Amma sukarin shayi ba ya yi, kuma furuktos duk da kiton ne yana ba da madubi saboda alkali yana juya shi, to kar ka kawo shi ko zuma a matsayin misalin kiton.

5. Gwajin Fehling

Hermann von Fehling ya fitar da shi a 1849. Kwalba biyu ne. A ita ce kofa salfet, shuɗin nan, giram 7 a ruwa mil 100. B kuma gishirin Rochelle, wato fotasiyam sodiyam tataret, giram 35 da kostik soda giram 10 zuwa 12 a ruwa mil 100. A rabe suna daɗewa, a haɗe suna lalacewa, don haka sai za a yi aiki ake haɗa mil 1 na A da mil 1 na B, ya koma shuɗi mai duhu garau. In ka ga ya yi dunƙule-dunƙule shuɗi mai haske, B ɗin ya yi rauni, ka ƙara kaɗan.

Ka ɗiga samfur ɗigo biyar, ka tsoma a ruwa mai zafi sosai, wannan ya fi Tollens son zafi, kusa da tafasa, minti biyar. Aldihayid zai bi da shi daga shuɗi zuwa kore, zuwa ruwan ɗorawa mai datti, ya ƙare a jan bulo, kofa oksaid Cu2O ya kwanta a gindi. Ka ɗaga tub ka duba ƙasan, sau da yawa sama yana nan shuɗi amma jan yana kwance. Metanal wani lokaci har jan ƙarfen kansa yake saukarwa a jikin gilashi. Itanal mai yawa yakan yi wani danƙo rawaya mai wari saboda alkali, wannan ba shi ake nema ba, ka rage samfurin ka sake. Kiton shuɗinsa zai zauna.

Abin da ya sa ba na yarda a tsaya a Fehling shi kaɗai: benzaldihayid aldihayid ne cikakke amma ba ya juya Fehling. Wanda ya yi wannan gwajin kawai zai rubuta kiton ya faɗi. To amma kuma wannan taurin kan nasa ya zama alheri, duk abin da ya ba da madubi ya ƙi Fehling ka san aldihayid ne mai zoben benzin.

In babu gishirin Rochelle, ruwan Benedict na lab ɗin bayoloji ko na asibiti, wanda da shi ake gwada sukari a fitsari a da, zai tsaya a madadinsa. Da gulukos yana aiki tsaf, da ƙananan aldihayid kuma yana da nawa, ka ba shi lokaci.

6. Daikuromet, in kana da shi

Mil 1 na daikuromet, mil 1 na salfurik asid mai sauƙi, ɗigo biyar na samfur, ruwan zafi. Ruwan goro ya koma kore in aldihayid ne, kiton ba canji. Sai dai itanol ma kore yake ba da wa, don haka in ba ka yi Brady ba wannan bai gaya maka komai ba. Guba ne kuma yana cikin masu jawo cutar daji, in Tollens da Fehling sun yi magana ni ban ga dalilin buɗe shi ba.

7. Gwajin aidofom

Wannan ba ya raba aldihayid da kiton, wani abu daban yake nema, wato CH3 manne da kabonil. Ruwan aidin ɗin shi ne giram 10 na fotasiyam ayodaid da giram 5 na aidin a ruwa mil 100, ka fara narkar da ayodaid ɗin a ruwa kaɗan sannan aidin ya bi. Wanda 'yan bayoloji ke gwada sitaci da shi ma yana yi in bai tsufa ba, sai dai ka ƙara yawa. Aidin ɗin kemis na sa wa ciwo kuwa a'a, wani a cikin itanol aka narkar da shi, zai ba ka eh ko da ruwa ka gwada.

Ɗigo biyar na samfur, mil 2 na ruwan aidin, sai kostik soda ɗigo-ɗigo kana kaɗawa har ruwan ƙasan ya dushe ya koma rawaya mai haske, ka tsaya nan. Soda in ta yi yawa tana cinye abin da kake nema. Asiton nan take yake ba da gari rawaya mai haske, CHI3, da warin nan na tsohon ɗakin ɗaurin ciwo a asibiti, ko ba ka gan shi da kyau ba hancinka zai gaya maka. In bai fito ba, minti biyu uku a ruwan digiri 60 sannan a bar shi ya huce. Itanal yana yi, kuma shi kaɗai ne aldihayid da ke yi. Butanon yana yi. Itanol yana yi amma sai an ɗumama. Metanal, furofanal, benzaldihayid, metanol, duk ba sa yi.

In aidin ya ƙare amma akwai fotasiyam ayodaid, ka zuba mil 1 nasa a kan samfurin ka bi da bilic na wanki ɗigo-ɗigo, sakamakon ɗaya ne. Bilic kar ya haɗu da amoniya ko asid. Haka nan kar ka ce tunda amoniya ma alkali ce bari ta maye gurbin soda, aidin da amoniya suna haifar da wani baƙin gari da ke fashewa in ya bushe. Ka raba teburin Tollens da na aidofom ma gaba ɗaya.

8. Karanta sakamako

Ka ja layi huɗu a takarda, Brady, Tollens, Fehling, aidofom, ka cike wa kowace kwalba. Wadda ta ce eh a duka huɗun itanal ce. Eh uku na farko, a'a a aidofom, metanal ce ko furofanal. Brady eh, Tollens eh, sauran a'a, benzaldihayid. Brady eh, aidofom eh, na tsakiya biyu shiru, asiton ko butanon. Brady kaɗai, kiton ne marar CH3 a gefen kabonil, irin fentan-3-on. Wadda ta ƙi Brady amma ta ba da aidofom ba kabonil ba ce sam, itanol ce ko furofan-2-ol, a nan ne waɗanda suka tsallake gwajin Brady ke rubuta asiton.

Inda aka rage biyu, a jami'a ana tace guggubin Brady, a sake narkar da shi a itanol mai zafi ya fito da tsafta, a busar, a auna zafin da yake narkewa. Na asiton wajen digiri 126 ne, na benzaldihayid wajen 237. Na metanal da na itanal kuwa 166 da 168 ne, sun yi kusa da yawa, aidofom ne ke raba su.

Wanda yake son ɗalibai su ga aldihayid yana fitowa daga alkohol da idonsu, ga wata dabara mai arha. Ka fere wayar wuta ta jan ƙarfe ka naɗe ta a jikin biro ta yi zobe-zobe, ka gasa a wuta har ta yi baƙi, ka matsa nesa da wutar ka tsoma ta a itanol mil 2 da ke cikin tub da aka tsayar a ruwan sanyi. Za ta yi cuu ta fito ja tana ƙyalli, warin ma ya canza ya yi kaifi. Ka maimaita kamar sau goma, ka gwada da Tollens. Ka riƙe wani abu da za ka rufe bakin tub da shi in ya kama wuta. Aidofom a kan wannan ba shi da amfani tunda sauran itanol na nan a ciki.

9. Kwashe kaya

Na Tollens su ne farko, naitirik asid mai sauƙi a kowane tub har da wanda ba a sa wa samfur ba da ragowar da ba a taɓa ba, sai a juye a kwalba ɗaya, in ka zuba mata ruwan gishiri azurfar za ta kwanta fara a gindi, ana tara ta. Daikuromet kwalbarsa daban, ba a zuba shi a kwata. Na Brady da na aidofom su ma kowanne da tasa, a rubuta suna a jiki, kuma ta aidin kar ta zauna kusa da ta amoniya. Jan da Fehling ya bari a jikin tub in burushi ya kasa, ɗan asid mai sauƙi yana ɗauke shi. Tub ɗin da aka yi Brady a ciki sai da asiton yake fita, to waɗannan ka ɗaure su da roba ka ware, a wanke da omo a shanya su kwana biyu kafin su dawo layi.